Riƙe Bindiga Amana Ce

Jama'ar Kurni da kewaye, mu da ke zaune kusa da iyakar Najeriya, ba a rasa mai raɗa mana yana da ƙaramar bindiga ta sayarwa da araha. Ku guje shi. A Nijar, riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai.

Mai izini kuwa, ka cire gidan harsashi kafin ka goge bindigar, ka duba ko ɗaya ya saura a ciki. Shafa mata mai saboda tsatsar damina. Kulle ta a akwati, makulli a aljihunka, harsasai a wani wuri daban. Yaro na ganin ta ƙarƙashin matashi, hannu zai kai. Allah ya tsare mana zuri'a.