Aski Ya Zo Gaban Goshi: Jawabi a Kan Kammala Kundin Digiri na Uku



An nemi mu ɗan ce wani abu game da wahalar kammala kundin digiri na uku. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Kowannenmu ya san wani wanda ya gama bincike, ya tara takardu kwali-kwali, amma shekara ta bi shekara kundi bai fito ba. Irin wannan mutum ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. To, me ya tsayar da shi?

Ba mu musun matsalolin da suka fi ƙarfinmu. Yawancinmu ma'aikata ne masu iyali, albashin wata ba ya kai mu ƙarshen wata. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Malami mai duba aiki kuma yakan riƙe babi guda tsawon watanni, domin ɗalibai sun yi masa yawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai cutar da maganinta ke hannunmu, watau haɗama: son a zuba ilmin duniya duka cikin kundi ɗaya.

Mu dubi magabatanmu. Marigayi Farfesa Galadanci ya sami digirinsa a Jami'ar Landan a 1969, bai kuwa ce zai rubuta nahawun Hausa baki ɗaya ba, yankin suna kawai ya ɗauka. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya kammala nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, ya tsaya a kan ƙasar Katsina, aikin ya fito littafi a 1981. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir kuwa, a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, mawaƙi ɗaya ya riƙe, watau Mamman Shata. Kowanensu ya yanki gona daidai ƙarfinsa, ya nome ta tas. Ga shi har yau ana cin amfaninta.

Saboda haka shawararmu ta farko ita ce mu taƙaita tambayar bincikenmu har ta shiga jimla ɗaya. Duk abin da bai amsa ta ba, kome daɗinsa, a ajiye shi sai bayan digiri. Ba a taunar taura biyu.

Na biyu, mu daina fakewa da karatu. Zuwa Gidan Arewa ko gidan adana takardun tarihi na Kaduna abu ne mai kyau, amma akwai ranar da ƙarin karatu ke zama gudun alƙalami. Wanda ya rubuta shafi ɗaya kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, zai tara fiye da shafi 300 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Shafi mai kurakurai yana gyaruwa. Farar takarda fa, wa zai gyara ta?

Na uku, kada kunya ta raba mu da malami mai duba aiki. Ɗalibi yakan ɓuya don bai cika alkawari ba, ɓuyan kuma ya haifi wani ɓuyan. Mu je da abin da ke hannu, mu nemi a tsayar da ranar komowa. Jan biron malami ba cin mutunci ba ne. Gara a sha shi a ofis da a sha shi ranar kare kundi, gaban mai jarrabawa na waje.

'Yan'uwa, talakan da harajinsa ya gina waɗannan jami'o'i bai taɓa shiga ajinsu ba. Kundin da ya kwana a kwali bai biya shi bashinsa ba. Mu koma gida, mu buɗe babin da muke tsoro, mu fara tun gobe da asuba.

Allah Ya ba mu ikon gamawa lafiya.