Launin waya daban, launin turmi daban

Yau hirarmu a kan tufafi take, wato atamfa da shadda da leshin da ake tallarsu a waya.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina faɗa wa mutane abin da ban ɗanɗana ba. Gab da ƙaramar salla, ina kwance da daddare ina latsa waya, sai ga wata atamfa a WhatsApp, ruwan goro an ratsa mata shuɗi, an ɗora mayafi ruwan madara a gefe. Wallahi barci ya gagare ni. Da safe na tura kuɗi, na biya direba. Da kaya suka iso na kwance ƙulli, sai ga ruwan goron nan ya koma kamar ƙasar tukunya, shuɗin kuma wanki ɗaya ya zuba a bokiti. Na kira mai kayan, ta ce ai hasken wayata ne. Magana ta ƙare a nan.

Abin haushin, ba duka ta yi ƙarya ba. Launin da ke fuskar waya haske ne, ja da kore da shuɗi ake haɗawa su fito daga gilashi. Launin zane kuwa rini ne da ya kama zare, sai rana ko fitila ta haska shi kafin ido ya gani. Shi ya sa hoto ɗaya kan fito iri biyu a waya biyu. Ga kuma mai talla ya ɗauka ƙarƙashin farar fitila, wani ma ya ƙara wa hoton kwalliya kafin ya saka.

Kuma ku lura, sau da yawa haɗin ne ke kama mu, ba zanen ba. Ruwan hoda kusa da ruwan toka, ruwan ɗorawa kusa da baƙi, kore kusa da ruwan zuma: kowanne yana fito da ɗan'uwansa. Mai talla ya san wannan sarai, shi ya sa yake jera takalmi da jaka da mayafi. Ke kuma da kika biya kuɗin turmi ɗaya, yadi shida, shi kaɗai zai zo miki, babu 'yan rakiya.

To, Baffa da ke ruga, in tambaye ka: ka taɓa sayen saniya a hoto? Ko Bunaji ce fara sol, sai ka buɗe baki ka duba haƙori, ka shafa doro, ka sa an kora ta ka ga tafiyarta. Don me kuɗin akuyar da ka sayar domin kayan sallar iyali za su tafi a kan abin da hannu bai taɓa ba? Ba a cinikin biri a sama.

Ku kuma fatakenmu masu saro kaya daga Kantin Kwari ta Kano, na san waya ta rage muku wahalar hanya, kuma akwai masu amana da yawa a cikin masu talla. Sai dai ku yi lissafi duka: canjin naira da sefa na ranar, kuɗin mota, da abin da za a biya a kan iyaka. In dila ta zo ba yadda aka gani ba, mayar da ita ƙetare wata asarar ce. Araha ba ta ado.

Ga abin da nake yi yanzu. Ina cewa a ɗauko mini bidiyo a waje, cikin hasken rana, a juya zanen gaba da baya. Atamfa mai kakin gaske launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, ta bugun sama kuwa bayanta a koɗe yake. A nuna mini rubutu da lambar da ke bakin zane, ko da yake har manyan sunaye irin su Vlisco da Getzner ana kwaikwayonsu. In anko ne ko sari, a fara aiko turmi ɗaya. Da ya zo, a jiƙa farin ƙyalle a goga, a ga ko yana zuba. A zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga takan ci ta bar toka, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. In da ɗan'uwa a garin, ya je shago ya taɓa da hannunsa kafin a tura ko dala.

Kuma in haɗin launi ya kama ki da daddare, ki bari gari ya waye tukuna.

Mako mai zuwa za mu ji daga bakin masu sauraro da irin wannan ta taɓa faɗa musu. Allah Ya tsare dukiya, Ya sa albarka a kasuwa da garke. A huta lafiya.