Jawabi Kan Daidaita Launi a Allon Kwamfuta

Jama'a, masu ɗab'i da masu ɗaukar hoto a Kafanchan sun san wannan gardama sarai. Mutum ya kawo hotunan Bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ran 1 ga Janairu, a buga masa kalanda. Ya ga launi a allo ya yarda. Da takarda ta fito, sai ja ya dushe, fari ya koma ruwan ƙasa. Takarda da tawada sun tafi a banza, ciniki kuma ya ɓaci.

Dalili shi ne allo da haske yake haɗa launi, watau ja da kore da shuɗi, alhali injin ɗab'i da tawada huɗu yake aiki. Bugu da ƙari, yawancin alluna da haske mai yawa suke fitowa daga kanti, launinsu kuma yana sauyawa da tsufa.

Abin bai tsaya ga kalanda ba. Cikin 2023 cuta ta halaka citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Malamin gona da aka aiko wa hoton ganye, in allonsa ya karkata zuwa rawaya, sai ya ga cuta a gonar da take lafiya lau.

To, ga yadda ake gyara. A kunna allo ya yi minti 30 tukuna, a kawar da shi daga hasken taga, a share ƙurar hunturu. Sa'an nan a sa farinsa a 6500K, gama a 2.2, haske wajen 120. Windows tana da hanyar gyara da ido, amma ido yakan saba da kuskure. Na'urar awon launi, wadda ake ratayawa a fuskar allo, ta fi gaskiya. Masu shaguna uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi guda. Na'urar za ta rubuta bayanin launin allon bisa ƙa'idar ICC, ƙungiyar da aka kafa cikin 1993.

Lalle ne a tabbatar bayanin ya kama aiki, domin nan ne mutane suka fi sakaci. A duba Color Management, a ga sunansa ne aka zaɓa wa allon. A buɗe hoton gwaji mai matakai daga baƙi zuwa fari: kowane mataki ya fito dabam, ruwan toka kuma kada ya nuna ja ko kore. Daga nan a buga hoto ɗaya na sRGB, a gwada shi da na allo da rana, ba ƙarƙashin fitila ba. A sake awon kowane wata.