Baƙo Marar Fatoma: Amana da Tsaron Adireshin Imel a Zamanin Intanet



Gabatarwa

Kafin in shiga cikin jawabina, ina so mu leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Idan baƙon falke ya sauka da shanunsa daga ƙasar Nijar, ba ya faɗawa cikin kara haka kawai ya kama ciniki. Sai ya nemi fatoma, watau mai masauki, wanda zai ba shi wurin kwana, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa. In saniya ta zama ta sata, ko kuɗi suka maƙale, an san ƙofar da za a buga. Haka kuma aka yi ta ciniki a nan Gagarawa Tasha tun da hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa wannan yanki a wajen 1930, baƙi suka riƙa sauka sayen gyaɗa. Kakanninmu ba su ƙi baƙo ba, amma kuma ba su taɓa miƙa masa mabuɗin rumbu ran da ya sauka ba.

To, yau ga wani irin baƙo ya shigo mana, ba ta tasha ba, ba ta kan iyaka ba, sai ta wayar da ke cikin aljihunmu. Shi ne sabon shafin intanet wanda ba ya barinka ka ga kome sai ka yi rajista, ka ba da sunanka da adireshin imel da lambar waya. Wannan baƙo ba shi da fatoma. Abin da nake so in kafa a wannan lacca shi ne, tun da babu mai tsaya masa, ya zama tilas kowane ɗayanmu ya yi wa kansa aikin fatoma.

Darajar Adireshin Imel

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar adireshin imel abin banza, tun da kyauta aka same shi. Wannan kuskure ne. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar JAMB da imel ake buɗe masa rajista, haka wanda zai tafi hidimar ƙasa, haka ma'aikacin da ke jiran takardar kwas ko saƙon banki. Bugu da ƙari, duk shafin da mutum ya manta kalmar sirrinsa, ta imel ake aiko masa da hanyar sake wata. Ashe ke nan imel shi ne zauren gida: wanda ya mallaki zaure, ya mallaki hanyar shiga kowane ɗaki.

Asalin Saƙonnin Shara

A cikin 1971 ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ya aika da saƙon imel na farko daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ da muke gani a kowane adireshi. Shekara bakwai kacal bayan haka, a watan Mayu na 1978, wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta mai suna Gary Thuerk ya watsa talla ga mutane wajen 400 waɗanda ba su roƙe shi ba. Wannan ne ake ɗauka saƙon shara na farko. Turawa suna kiran irinsa Spam, sunan wani naman gwangwani, kuma sunan ke nan da za ku gani a kan akwatin da Gmail yake zuba irin waɗannan saƙonni.

Dalilin yawaitarsu a fili yake. Mai aika wasiƙa ta gidan waya sai ya sayi kan sarki ga kowace ɗaya, amma mai aika imel dubu ɗari kusan bai kashe kome ba. Ko mutum ɗaya tak ya faɗa tarko, ya ci riba. Mu 'yan Nijeriya kuwa ba baƙin wannan al'amari ba ne, domin sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka ta ƙasarmu shi ne ya zama sunan wani nau'in zamba a duniya baki ɗaya, kuma yaƙi da ita na cikin ayyukan hukumar EFCC da aka kafa a 2003.

Yadda Adireshi Yake Fita

Ta hanya uku adireshin da ka bayar yake isa hannun da ba ka nufa ba. Ta farko, masu shafin su tara adireshin jama'a su sayar wa 'yan talla. Ta biyu, masu shafin na kirki ne, amma ɓarayi su yi musu kutse. Girma ba ya hana wannan: a 2017 kamfanin Yahoo ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi dukkan asusunsa, wajen biliyan 3. Idan ɓarawo ya sami adireshinka da kalmar sirrin da ka sa a wani shafi, sai ya gwada su a imel ɗinka da Facebook da sauransu, domin ya san yawancin mutane mabuɗi ɗaya suke yi wa ƙofofi goma. Hanya ta uku kuwa, shafin kansa tarko ne, an yi shi ne da kamannin na gwamnati ko na banki, yana shelar ɗaukar ma'aikata, ko tallafi, ko guraben karo ilmi.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Na yi rajista a wani shafi da ya yi alkawarin aiko da sanarwar tallafin bincike. Ban sami ko ɗaya ba, sai tallan magani da na caca suka cika mini akwati, har wata takardar gayyata ta gaskiya ta nutse a cikinsu, ban gan ta ba sai bayan ranar ta wuce. Wannan ita ce ɓarnar da ba a cika lissafawa ba: shara ba damuwa kaɗai take kawowa ba, tana binne abin amfani.

Tambayoyi Huɗu na Fatoma

Tambaya ta farko: daga ina ka fito? Ku karanta adireshin shafin da kyau. Na hukumomin gwamnati yana ƙarewa da gov.ng, kamar jamb.gov.ng, na manyan makarantu kuma da edu.ng. Abin lura shi ne ƙarshen sunan, ba farkonsa ba, domin mazambaci yana iya sa sunan hukuma a gaba, sa'an nan ya liƙa nasa a baya. Hoton ɗan kwaɗo da ake gani a gefen adireshi kuwa, abin da yake nufi kawai shi ne an rufe hanyar da ke tsakaninka da shafin. Bai ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma yana sa wa ɗakinsa kwaɗo.

Ta biyu: wa ya san ka? Shin akwai ofis, da sunan kamfani, da lambar da in an kira za a amsa? Shin hukumar da yake ambato ta yi shelarsa a rediyo ko a shafinta na ainihi? Saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp ba shaida ba ne.

Ta uku: me kake nema a wurina, kuma don me? Shafin da za ka karanta labari a cikinsa ba ruwansa da ranar haihuwarka. Lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, da lambar NIN, da lambar sirrin katin banki, da 'yar lambar nan ta wucin gadi da banki yake aikowa ta waya, ba kayan rajistar sabon shafi ba ne.

Ta huɗu: me ya sa kake gaggawa? Duk inda kuka ga an ce saura awa biyu a rufe, ko an ce sai ka tura wa mutum goma, ko ribar da aka ambata ta wuce hankali, to, ku tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Waɗanda suka zuba kuɗinsu a MMM kafin ta daskare a watan Disamba na 2016, da waɗanda CBEX ta rufta da su a watan Afrilu na 2025, duk da 'yar rajista mai sauƙi suka fara.

Rigakafi

Shawarata ta farko ita ce kowa ya mallaki adireshi biyu a ƙalla. Ɗaya na cikin gida, don banki da makaranta da wurin aiki, ba a ba kowa shi sai su. Ɗaya kuma na bakin kasuwa, don kowane sabon shafi. In ya cika da shara, sai a bar shi ba tare da hasara ba. Masu Gmail suna da wata dabara: in ka sa alamar + da wata kalma bayan sunanka, kafin alamar @, saƙo zai zo maka dai, amma za ka gane shafin da ya fitar da adireshinka.

Ta biyu, kowace ƙofa da mabuɗinta. Kada kalmar sirrin imel ta zama ita ce ta wani shafi dabam. A kuma kunna tabbaci na biyu, watau lambar da ake nema bayan kalmar sirri.

Ta uku ta ɗalibai ce. Da yawanku a shagon kwamfuta aka buɗe muku imel, mai shago ne ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa. Yau ɗin nan ku sake kalmar, ku sa lambarku.

Ta huɗu ta ma'aikata ce. In za ku aika da takarda ga mutane da yawa, ku sa adireshinsu a gurbin Bcc, inda ba wanda zai ga na wani. Adireshin jama'a da ke cikin fayil ɗin ofis amana ne a hannunku.

Ta biyar, kada ku amsa saƙon da ba ku san mai shi ba, kada ku taɓa mahaɗin da ke ciki, ko da an rubuta cewa nan ne za a daina aiko muku. Taɓawar ita ke shaida masa cewa akwai mutum a gidan. Ku jefa shi akwatin shara, na'urar za ta koya. Saƙonnin talla na waya kuwa, tun 2016 hukumar NCC ta tanadi lamba 2442: a aika mata da kalmar STOP.

Matsayin Doka

A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba ka ikon sanin abin da za a yi da bayananka, da janye yardarka, da neman a share su. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai hannun doka yana isa ne ga kamfanin da ke da suna da ofis. Shafin da aka buɗe jiya a wata ƙasa, aka rufe gobe, babu wanda za a kai wa sammaci.

Naɗewa

Jama'a, ban zo in ce ku guji intanet ba, kamar yadda ba wanda ya ce a rufe kasuwar Maigatari don ana samun ɓarayin shanu. Abin da na ce shi ne a ba da amana da mudu, ba da buhu ba. Baƙon da ya amsa tambayoyin nan huɗu, a ba shi adireshin bakin kasuwa. In ya daɗe ba a ga aibinsa ba, a ƙara masa. Wanda ya kasa amsawa kuwa, a bar shi a waje.