Ciwon Damuwa A Tsakanin Dattawanmu Na Gida

Shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan uwana 'ya'yan Malam Madori mazauna birane.

An nemi in yi magana a kan lafiyar tsofaffi, sai na zaɓi ciwon da ba a ɗaure shi da bandeji, ba a kuma ganinsa a hoton ƙirji, wato ciwon damuwa. Mu a nan da wasu sunaye muka san shi. In dattijo ya daina fita majalisa, sai a ce gigin tsufa ne. In gyatuma ta daina cin tuwo tana yawan tagumi, sai a ce iska ce, ko an yi mata sammu. Wasu ma cewa suke ƙarancin tawakkali ne, kuma wannan ita ce fassarar da ta fi ciwo, domin tana ɗora wa majinyaci laifi a kan wahalarsa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa neman magani ba ya rushe tawakkali.

Kowa yana shiga baƙin ciki, ya kuma fita. Likitoci suna kiransa ciwo ne idan ya zarce mako biyu yana tare da mutum kusan kullum, ya raba shi da sha'awar abin da ya saba so, ya ɓata masa barci da cin abinci, ya bar shi da kasala da ganin kansa ba shi da wani amfani. Sai dai tsoho Bahaushe ba zai ce muku ransa a ɓace yake ba, kunya da dattako ba za su bar shi ba. Zai ce kansa yana zafi, wani abu yana yi masa yawo a jiki, ƙirjinsa ya yi nauyi, yana farkawa tun kafin asalatu barci ya gagara. Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a kemis wata da watanni, ciwon yana nan daram.

Kada mu ɗauka ciwon Turawa ne. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan sun binciki tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, suka buga sakamakon a 2007: kimanin bakwai cikin ɗari sun yi fama da ciwon a shekarar da ta gabaci binciken, sama da ɗaya cikin huɗu kuma sun taɓa yinsa a rayuwarsu. Ban ga dalilin da zai sa tsohon Garun Gabas ya fi na Ibadan tsira ba.

Ku dubi abin da ya wuce ta kan sa'o'ina. Sun tashi garin nan yana cin kasuwar gyaɗa, jirgin Kano zuwa Nguru yana tsayawa a tasha, kowane magidanci yana da abin yi da abin faɗa. Gyaɗa ta tafi, tasha ta yi tsit. Aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta cinye fadamun da aka gada kaka da kakanni. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuwa ba sai na ba ku labari ba. Mutumin da ya shekara hamsin yana ciyar da gida daga rumbunsa, yau yana zaune yana jiran a turo masa kuɗi ta waya. Abokan hirarsa sun riga shi, 'ya'yansa suna Kano da Kaduna da Legas. Kuɗin yana isowa, Allah ya saka muku, amma ba ya zama a tabarma ya tambayi tsoho shawara.

Abin da ya fi hana mu neman magani shi ne tsoron sunan Dawanau. Da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa sai mu hango sarƙa da mari, mu ce ba za a ce uban wane ya haukace ba. To, mafi yawan masu wannan ciwo ba a kwantar da su. Likita zai zauna da majinyaci ya saurare shi, ya auna hawan jini da sukari, domin wasu cututtukan jiki suna zuwa da kamanninsa, ya duba ko mantuwar tsufa ce ta gaske, ya rubuta magani, a koma gida ranar, a dawo bayan 'yan makonni. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara kula da majinyata a Aro ta Abeokuta suna zaune a ƙauyuka tare da danginsu. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma kare mutuncin majinyaci. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Haɗeja a karɓi takardar turawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai sashen wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A wajen shan maganin ne aka fi yin asara. Ba ya aiki kamar farasitamol. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an warware. Mu kuwa kwana biyar in ba a ga canji ba sai a watsar, in an ga canji ma sai a watsar. Tsohon maganin nan amitriptyline yana da araha, amma yakan sa tsofaffi jiri da bushewar baki da wahalar fitsari, har a faɗi a karye. In an ga haka a koma wa likita ya sauya, kada a yanke hukunci a gida. Wanda ya raka tsoho asibiti ya tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. In kuwa dattijo ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya ƙi ci da sha, wannan ba maganar jiran ranar kasuwa ba ce, a kai shi a ranar.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiya. A cikin kuɗin da muke tarawa na gyaran aji da haƙa rijiya, a ware wani kaso na kuɗin mota da magani ga tsofaffin da aka ba ranar komawa asibiti, domin a nan ne jinya take yankewa. A kuma nemi 'ya'yanmu ma'aikatan jinya su zauna da limamai da masu unguwanni su koya musu alamomin da na ambata, kafin taron baɗi.