Annobar Korona da makaɗa: jawabi ga ɗaliban karatun manya

Wannan jawabi an shirya shi don cibiyoyin yaƙi da jahilci na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Malami ya karanta da ƙarfi, ɗalibai su bi da ido.

 

Zancen yau a kan makaɗa ne, da mawaƙa, da zabiyoyi, da ƴan wasan kwaikwayo, da masu sana'ar hannu, da wahalar da suka sha lokacin cutar Korona.

Cutar ta ɓullo a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba 2019, ku riƙe shekarar da kyau. Cuta ce ta numfashi, ana ɗaukarta ta tari da atishawa da cunkoso. Ran 17 ga watan Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya yi jawabi ga ƴan ƙasa. An rufe lakkol. An rufe iyakoki. An rufe gidajen sinima da gidajen rawa da wuraren wasa. An hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga wata aka samu mutum na farko mai cutar a Yamai. Kafin wata ya ƙare an kafa dokar hana fitar dare a Yamai, an hana shiga da fita birnin, har sallar jam'i aka dakatar.

Dokar ta taɓa kowa, amma ba daidai ba. Manomi ya ci gaba da sassabe. Mai awaki ya ci gaba da kiwo. Ma'aikacin gwamnati yana amsar albashinsa ƙarshen wata. Makaɗi fa? Gonar makaɗi taro ce. Ran da aka hana taro, ran nan aka ƙwace masa gona.

Ku duba inda makaɗi yake samun abinci. Biki, suna, naɗin sarauta, hawan salla, filin kokowa, dambe, gayya, tarbar alhazai. A shekarar 2020 ko alhazan ba su tafi ba, don Saudiyya ba ta karɓi baƙi daga waje ba. Mutane sun ci gaba da ɗaurin aure, amma cikin zaure, da mutum kaɗan, ba kalangu ba guɗa. An ci gaba da raɗa suna, a raba goro a watse. Mai kiɗan ƙwarya ta kife ƙwaryarta. Sanƙira ya rasa wanda zai yi wa kirari.

Kuma makaɗi ba ya ci shi kaɗai. Bayansa akwai ƴan amshi, akwai yaran kiɗa, kowane da iyalinsa. Akwai masassaƙin da ke fafe icen ganga. Akwai mahaucin da ke sai da fatar akuya, da wanda ke ɗaure ta. Akwai maƙerin kakaki. Akwai mai ba da hayar rumfa da kujeru da lasifika, akwai tela mai ɗinkin anko, akwai mai ƙosai da mai tuwo-tuwo da ke bin taro. Ganga ɗaya in ta yi shiru, tukwane da yawa ba su hawa murhu.

Akwai wani abu mai ciwo da ba a cika faɗi ba. Makaɗi yana iya roƙo a fili, gaban jama'a, da waƙa, don wannan sana'arsa ce ta gado. Amma ya je ƙofar gidan mutum da dare ya nemi tiya ɗaya ta hatsi, wannan wani abu ne daban. Da yawa sun gwammace su sai da akuya ko babbar riga. Wanda ya sai da kayan kiɗansa kuwa, ya sai da garmarsa ke nan. Yaran da ke koyo wajen tsofaffi wasunsu sun kama kabu-kabu ko dako, kuma wanda ya saba da kuɗin yini ba kullum yake komawa zaman koyo ba. Ga shi kiɗan gurumi da goge da algaita ba a rubuce suke ba. Daga baki zuwa kunne ake ɗaukarsu, daga hannu zuwa hannu.

Makaɗan Maraɗi da Ƙonni da Magarya sun sha duka biyu. Sun saba ƙetarawa Katsina da Daura da Sakkwato wajen buki. To, tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Korona ta zo ta ƙara ƙulli bisa ƙulli. Iyakokin ƙasa na Nijar kuwa sai watan Yuni 2021 aka buɗe su. A Kano ma ƴan fim sun zauna gida makonni da yawa.

A birni haka abin yake. Masu gita na Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar, waɗanda ke zuwa wasa Turai da Amurka, tafiya ta tsaya musu. Maƙeran azurfa da dukawa na gidan tarihi Bubu Hama da na Wadata a Yamai, baƙi ne manyan masu sayen kayansu, ga jirgi ba ya sauka har 1 ga Agusta 2020. Babban bikin sinima na Wagadugu, FESPACO, wanda aka saba yi a watan Fabrairu, a 2021 sai Oktoba aka yi shi. Cutar ta kashe babban makaɗin Kamaru, Manu Dibango, ran 24 ga Maris 2020 a Faransa, yana da shekara 86. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an rasa ayyukan yi wajen miliyan 10 a fannin al'adu a duniya.

Duk da haka, da aka so a gargaɗi jama'a, wa aka nema? Makaɗa. Su suka shiga radiyo suna waƙar wanke hannu da sabulu, da rufe baki da hanci. Mutumin da bai yarda da maganar likita ba yakan tsaya ya saurari kalangu. Wannan aiki ne kamar kowane aiki. Na gode kaɗai ba ta biyansa.

A Nijar Allah ya sassauta. An buɗe masallatai ran 13 ga Mayu 2020, yara sun koma lakkol 1 ga Yuni. An fara allurar rigakafi ƙarshen Maris 2021. Waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a ƙasar sun ɗan haura 300. Ran 5 ga Mayu 2023 hukumar lafiya ta duniya ta ce cutar ta daina zama abin gaggawa.

To, wane taimako aka yi? Gwamnatin Nijar ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na watan Afrilu da Mayu 2020. Abu ne mai kyau, sai dai makaɗin ƙauye ba shi da lantarki ba shi da famfo. Wasu ƙasashe sun ware kuɗi musamman don masu al'adu: Senegal miliyar 3 na sefa, Burkina Faso miliyar 1 da miliyan 250. Irin wannan kuɗi ta takarda yake bi. Ana neman suna cikin rajista, da katin ɗan ƙasa, da sa hannu. Mai gita na birni yana da waɗannan. Mai gurumi na ƙauye sau da yawa ba shi da ko ɗaya, ko da waƙarsa ta cika kasuwanni.

Nan ne karatunku ya shigo. Akwai ma'aikata a Yamai mai suna BNDA, mai kula da haƙƙin masu waƙa da masu rubutu. Wanda ya rubuta sunansa da sunayen waƙoƙinsa a can, shi ke da hanyar neman haƙƙinsa in ana sa waƙarsa a radiyo ko talabijin. Kowane ɗalibi a nan ya san makaɗin garinsu. Ku jawo shi aji. In ya tsufa, ku jawo ɗansa. Ku taimaka masa ya yanki takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa.

Sannan makaɗan kanto ɗaya su haɗa kai. Mata sun daɗe da nuna hanya da adashi. Bayan kaka, lokacin da buki ya yi yawa, kowane makaɗi ya zuba wani abu cikin asusu, ko dala ashirin ce, ko damin hatsi cikin rumbu ɗaya. A zaɓi mai ajiya da magatakarda wanda ya iya rubutu, a riƙa karanta lissafi gaban kowa. Ƙungiya mai littafi da hatimi ita hukuma da masu agaji ke iya gani.

Kada a ce Korona ta wuce, magana ta ƙare. A watan Afrilu 2015 sanƙarau ya sa an rufe lakkol a Yamai. A 2018 da 2021 amai da gudawa sun kama mutane da yawa a jihar Maraɗi. Duk ran da irin wannan ta taso, taro za a fara hanawa, kuma hanawar daidai ce, don rai ya fi kiɗi. Abin da ake so shi ne mai gari da masu hali su sa makaɗa cikin lissafi ran rabon taimako, tare da marayu da tsofaffi.

Masu buki kuma, ku gayyaci makaɗin garinku, kada ku tsaya ga waƙar salula da lasifika. A yanke lada tun kafin ranar, a biya hannu da hannu.

Aikin wannan mako: kowane ɗalibi ya je wajen makaɗi ko zabiya ɗaya, ya rubuta sunansa, da irin kiɗansa, da sunan wanda ya koya masa. A kawo takardun ga malami ran darasi mai zuwa, shi zai haɗa su cikin littafin cibiya.