Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Masu Zanen Zariya

 

A shekarar 1958, wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya tasu. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, kuma salon Turai suke koyarwa. Ɗaliban suka yi shawarar su karɓi ilmin, amma kowa ya koma ya tono fasahar gidansu, ya kawo a duba tare. Okeke ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi wa jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Sukan zauna su baje ayyukansu, wannan ya gyara wa wancan. Da aka zo bikin 'yancin kai a 1960, Okeke da Nwoko da Onobrakpeya suka haɗa hannu wajen zanen bango a baje kolin Legas. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma har gobe da sunayensu ake buɗe tarihin zanen zamani na Nijeriya.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Magina masu ƙawata zaure ba su taɓa aiki su kaɗai ba: wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya yaɓa, gwani ya fitar da dagi, yara su shafa launi suna koyo. In an gama, sunan gidan magina ake ambata.

To, mu fa? A makarantunmu lokacin zane ne kan fara salwanta, don babu takarda, babu fenti, kuma kowane malami yana fama shi kaɗai. Yaron da Allah Ya ba hannu sai ya gama firamare ba wanda ya lura da shi.

Shawararmu ita ce, a zangon karatu mai zuwa kowace makaranta ta ware bango ɗaya. Malamai su zauna da yara su tsara abin da za a zana, ko taswirar Jihar Sakkwato, ko hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko baƙaƙen boko da na ajami. Wani ya ja layi, wani ya cika launi, wani ya yi rubutu. Gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa sun isa mafari. Mai hannu a cikinmu ya leƙa makarantar da ke maƙwabtaka da tasa ya taimaka, reshe kuwa ya tsara ranakun.

Allah Ya yi wa aikinmu albarka, Ya shirya mana zuriya.